Ja Uku a Jere

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Bari in rubuta, tunda ba wanda zai rubuta mini.

Na shigo masana'antar safar hannu ta mai gida Miyan Tauqeer ina ɗan shekara goma sha uku, ina share guntayen fata a ƙarƙashin kekunan ɗinki. Ba uba, ba kawu, ba wanda ya riƙo hannuna ya ce ga yarona. Jarrabawar aji goma ni na zauna da kaina, ban taɓa shiga ajin ba, na ci. Kwamfuta a waya na koye ta, a kan rufin ɗaki, sauro na cin ƙafata. Babur ɗina, ni. Ɗaki biyu da bene a hanyar Pasrur, ni. Rukhsana matata, ni na gani na ce ina so. Mehwish 'yata tana kwaleji, ni. A zaga garinmu Sialkot kaf a kawo mini mutum ɗaya da zai ce shi ya ɗora Munawwar Bhatti a kan wani abu.

Yau an ƙara ɗaya. Shehryar sahib, ɗan Miyan, wanda ya dawo daga karatu a waje da gyararren gemu, ya sayo manhajar da ke mai da alƙaluma zane. An kafa ta, an rataya ƙaton allo a bakin zauren ɗinki, aka ce wa zai riƙe. Kowa ya sunkuyar da kai. Na ce ni.

Sashe shida muke da su, kowane da shugabansa. A allon, kowane sashe jere ɗaya ne, kowane mako ginshiƙi ɗaya, a ciki adadin dozin na safar hannu da aka ɗinka. Shi ke nan. Amma Shehryar sahib ya ce ba adadi yake so ba, motsi yake so ya gani. Wa ke hawa, wa ke sauka.

Laraba, 4 ga Satumba

Na samo shi. Ana danna kan adadin, sai a zaɓi bambanci na kashi cikin ɗari. Ita manhajar sai ta cire na baya daga na yanzu, ta raba da na baya, ta ninka da ɗari. Abin da na yi da fensir na gani da idona ya yi daidai.

Sai ta tambaya: da wane ginshiƙi za a gwada? Na farko, ko wanda ya gabata, ko wanda ke tafe. Na gwada duka ukun, na daɗe ina kallo. Idan da na farko ne, wanda ya daɗe a sama yana nan lafiya, sifili-sifili, ba abin gani. Idan da wanda ya gabata ne, to kowane mako mutum da kansa yake tsere. Wanda ke ƙasa yana da filin hawa. Wanda kansa ya riga ya taɓo rufi ba inda za shi sai ƙasa.

Na zaɓi wanda ya gabata.

Adadin dozin ɗin na ɓoye shi. Allo ya fi tsabta haka. Hawa kore, sauka ja. Ja ɗin na sa mai duhu, irin na jinin rago.

Asabar, 7 ga Satumba

Shehryar sahib ya tara shugabannin sashe a gaban allon. Ya ce doka ɗaya ce: duk wanda ya yi ja uku a jere, ya ajiye aiki. Ba son kai, ba wane ɗan wane, alƙaluma ne za su yi magana.

Ustad Fazal Din ne kaɗai ya yi dariya. Shugaban sashe na ɗaya, tun masana'antar tana ɗaki guda da keke huɗu yake nan. Ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya ce, "Wa ya ƙera mana wannan talabijin mara waƙa?" Aka nuna ni. Ya ce, "Munna? Munna namu? To madalla, yaro ya girma." Aka yi dariya har da mai shayi.

Shekarata arba'in da ɗaya. Ina da furfura a gefen kunne. Munna, ɗan yaro. A gaban mutanen da nake rattaba wa hannu kafin su fita.

Shi ne ya ta da ni daga kan keke ina ɗan shekara sha biyar. Ya ɗaga safar da na ɗinka sama, ya ce jama'a ku zo ku ga safa mai yatsa shida. Ya ce hannuna na ƙirga ne, ba na ɗinki ba, aka mai da ni sito. To ga ƙirgar ta zo.

Litinin, 9 ga Satumba

Fitowa ta farko. Sashe na ɗaya ja. Ko kashi ɗaya bai kai ba, dozin biyu ne suka ragu cikin ɗari huɗu, amma ja ja ne. Shi kuwa Rana Shabbir, shugaban sashe na biyar, wanda mutanensa ba su taɓa wuce ɗari da hamsin ba, kore shar, kashi ashirin.

Ustad ya tsaya a ƙarƙashin allon ya ɗaga kai kamar mai duban wata. Ya ce, "Munna, ban gane ba. Sashen wa ya fi ɗinki?"

Na ce, har da ji ɗin girmamawa a ƙarshe, "Allon bai yi wannan tambayar ba, Ustad ji."

Na ci gurasar roti uku da rana.

Alhamis, 12 ga Satumba

Shabbir ya shigo ofishina da alewar jalebi a takarda, yana ta Munawwar bhai, Munawwar bhai, wato ɗan'uwa. Ya ce in buɗe masa cikin abin nan. Ba don jalebinsa na yi ba, don an tambaye ni ne kamar mutum. Na ce, ka sauko daga ɗari zuwa tamanin, ka faɗi da kashi ashirin. Ka koma daga tamanin zuwa ɗari, ka hau da ashirin da biyar. Wuri ɗaya ka koma, amma allon zai ce ka ci gaba.

Ya lashe yatsa. Sai ya ce, "Wato in faɗi sau ɗaya da kyau, sannan in riƙa hawa tsani a hankali."

Na ce ni ban ce komai ba.

Ya ce, "Bhai, kai ka fi ƙarfin nan wurin wallahi." Gaskiya ce, ko da daga bakin maƙaryaci ta fito.

Litinin, 16 ga Satumba

Ustad kore. Da ƙyar. Ba komai.

Litinin, 23 ga Satumba

Makon jiya an yi hutun Maulidi, kwana ɗaya ya fita, don haka kowa ja. Sai Shabbir kaɗai. Ashe tun makon da ya wuce yake tura kwalayen da aka gama bayan gangunan rini, ya rufe da buhu, ya fito da su ranar Asabar. Shehryar sahib ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa, ya ce ga irin shugaban da nake nema.

Na sani. Ban faɗa ba. Ba aikina ba ne leƙa bayan ganguna.

Juma'a, 27 ga Satumba

Yanzu kowa ya koya. Bayan ganguna ya cika, har a ɗakin janareto akwai kwalaye. Suna kiran abin ajiyar hunturu. Ranar Asabar shugabanni sai su zauna su ƙirga nawa za su saki, nawa za su danne, kamar mata masu auna gishiri.

Bayan Juma'a na ji Shabbir a bakin masallaci yana kiran Ustad Chacha, wato baffa, yana cewa, "Chacha, ka danne kwali goma mana, makon gobe ka saki. Kowa haka yake yi."

Ustad ya ce, "Abin da aka ɗinka ranar Asabar na Asabar ne. Ban ɓoye wa Miyan kaya ba, ba zan ɓoye wa ɗansa ba."

Shabbir ya ce, "To waliyyi, sai ka ci taurin kai da albasa."

Na sa takalmina na wuce. Ni dai ban hana shi ɓoyewa ba.

Litinin, 30 ga Satumba

Kowa kore. Na gaji da allon yau.

Laraba, 2 ga Oktoba

Odar Jamus ta makale, kwantena za ta tashi zuwa tashar jirgin ruwa ta Karachi ranar Asabar, kaya ba su cika ba. Tsohon Miyan da kansa ya sauko da sandarsa, bai je wurin Shabbir mai kore ba, wurin Ustad ya je. Na ji yana cewa, "Fazal, ka fitar da ni kunya." Ustad ya ɗora hannu a ƙirji.

Tun jiya mutanensa ba sa tashi cin abinci, a kan keke suke ci. Shi ma ya zauna a keke, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ina kallo ta tagar ofis. Duk dozin da ya ƙara wannan makon, ginshiƙi yake ɗagawa wanda makon gobe za a gwada shi da shi. Bai sani ba. Rami yake haƙa, shi yana ganin rijiya ce.

Litinin, 7 ga Oktoba

Ɗari biyar da ashirin. Ba a taɓa yi ba a masana'antar nan. Kore, kashi talatin. Miyan ya aiko musu da tukunyar shinkafar biryani. Ustad ya leƙo ofishina da faranti, ya ce, "Munna, talabijin ɗinka ta yi hankali yau. Ci."

Na ci. Ta yi daɗi.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ustad ya koma ɗari huɗunsa na kullum. Allon ya ce ya faɗi da kashi ashirin da uku. Ja mafi muni da aka taɓa gani. Ɗaya.

Yaran sashe na biyar sun fara tsokanar nasa, suna cewa 'yan tumatir.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Rukhsana ta ji labari a wurin matar Ustad, unguwarsu ɗaya tun suna yara. Tana murza kullu ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "An ce wani allo ne zai kori Chacha Fazal."

Na ce doka ce.

Ta ce, "Ranar da za a nemi aurena, babana ya ce maraya ba ya shigo masa gida ba babba. Wa ya sa farin rawani ya zauna a tabarmarmu?"

Na ce zama ya yi ya sha shayi. Sadaki ni na biya, ɗaki ni na kama.

Ta ce, "Haka ne, kai ka yi komai." Ta buga rotin a kasko da ƙarfin da bai kamata ba.

Mace ba ta san aiki ba. Mutum ya yi maka zaman shayi ɗaya, sai ka zama Munna har kabari?

Litinin, 21 ga Oktoba

An fara yankan shinkafa. Rabin mutanen Ustad 'yan ƙauye ne, kowace shekara sukan tafi, kowace shekara yakan bar su, don shi ma ɗan manomi ne. Ja. Biyu.

Shehryar sahib ya kira ni, ya ce, "Munawwar, allon nan ba ya kuskure ko?" Na ce lissafi ne, sahib. Ya ce, "Abba ba zai iya kallon idon mutumin nan ba. Albashinsa na mutum uku ne, kuma ba ya jin magana." Bai tambayi adadin dozin ba. Ban faɗa ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ya zo.

Ustad ya ƙwanƙwasa ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya da hularsa a hannu. Akwai kujera, ban ce ya zauna ba. Na ci gaba da danne-danne, na bar shi yana kallon ƙeyata har sai da na ji yana sauya ƙafa.

Ya ce, "Munawwar sahib."

Sahib, laƙabin manya. Shekara nawa ina jiran kalmomin nan biyu.

Ya ce shi bai zo roƙo ba, bai ce a canza ja ya koma kore ba. Abu ɗaya yake so. A gefen kowane kashi a nuna dozin nawa sashen ya ɗinka, don Miyan ya gani da idonsa. Ya ce, "Ko da rabin mutanena suna gona, mun ninka sashen Shabbir. A rubuta shi kawai, ƙanana ma, a gefe."

Jan abu ɗaya ne da linzamin kwamfuta, a ajiye a gefe. Kafin ya mai da hularsa an gama.

Na juyo, na ce, "Manhajar ba ta yarda, Ustad ji. Haka Turawa suka ƙera ta. Ko kashi, ko adadi, ba ta haɗa biyu. Ni kaina na gwada."

Ya kalli kwamfutar, ya gyaɗa kai a hankali, kamar an ce masa likita ya duba. Ya ce, "To ai shi ke nan. Na gode da ka gwada."

Da zai fita na ce, "A gaida 'yan gona." Ban san me ya sa na ƙara wannan ba. Ya yi daɗi a lokacin.

Asabar, 26 ga Oktoba

Shabbir ya kai masa kwali goma sha biyu daga bayan ganguna, ya ce ya zuba a nasa, aro ne. Ko Shabbir. Ustad ya ce a mai da su, ɗinkin ma karkatacce ne, ba zai sa sunansa a kai ba.

Wannan ba laifina ba ne. An ba shi tsani ya ture.

Litinin, 28 ga Oktoba

Uku.

Zauren tsit, ko keke ɗaya bai yi ƙara ba sai da Shehryar sahib ya tafa hannu ya ce aiki.

Talata, 29 ga Oktoba

A ofishin Miyan aka yi. An kira ni in riƙe kwamfuta ko za a nemi gani. Tsohon yana ta murza kan sandarsa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Fazal, ka san da ni ne... Ba ni ba ne, ba yaron nan ba ne. Na'urar ce ta fitar. Idan na ɗaga maka, gobe kowa zai ce a ɗaga masa."

Ustad ya ce, "Na sani, Miyan ji. Ita ba ta san ni ba."

Aka ba shi ambulan da bargo mai kyau a cikin leda. Bargo. Ya sauko ya ɗauki almakashinsa da dutsen wasa wuƙa da kofin shayinsa. Wasu daga cikin mutanensa suna kuka kamar mata. Ya bi kekunan ɗaya bayan ɗaya yana cewa wane ka riƙa sa mai, wane ka daina cije zare da haƙori. Da ya zo kaina ya shafa mini kai, a gaban kowa, ya ce, "Munna, ka kula da idonka, abin nan yana kashe ido."

An raba mutanensa a sauran sassan. Shabbir ya samu takwas, mafiya gwaninta. Zai yi kore wata guda ba tare da ya motsa ba.

Na sayo kifi soyayye a hanya. Rukhsana ta ce ta ƙoshi. Mehwish ma. Ni na cinye.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ban yi tunanin wannan ba. Tunda an watsa sashe na ɗaya, adadinsa sifili ne, sai allon ya rubuta a gaban sunan Fazal Din: saukar kashi ɗari. Ja wur, a saman kowa, tunda shi ne jere na farko. Masu shigowa suna kau da kai. Wani ya tofa yawu a ƙarƙashin allon, ban ga ko wane ne ba.

Lissafi daidai yake.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Yau babu ja, babu kore. Ba a raba abu da sifili, sai manhajar ta bar gurbin fari fat. Sunansa, sai fili.

Shehryar sahib ya ce in cire jeren, yana ɓata tsari. Na ce zan duba. Danna biyu ne. Na buɗe, wuta ta ɗauke, da ta dawo ina da wani aikin.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Baƙi sun zo, masu masana'antu huɗu abokan Shehryar sahib, da turarensu. Ya tsaya a gaban allona yana bayani. Ya ce, "Abin da ya fi burge ni, babu hannun mutum a ciki. Ita da kanta take gano wanda ya gaza. Kwanan nan ta fitar da wani da ya fi shekara talatin a nan, ba wanda ya isa ya ce an zalunce shi."

Ɗaya ya ce, wa ya tsara? Ina tsaye a bayansu, taku biyu. Shehryar sahib ya ce, "Ai haka take zuwa, sai dai a zuba mata alƙaluma. Akwai yaron da ke zubawa."

Yaron da ke zubawa.

Haka take zuwa? Ita ta zaɓi ginshiƙi? Ita ta ɓoye dozin? Ita ta tsaya a taga tana kallon tsoho yana ɗaga wa kansa katanga? A kantin shayi, a masallaci, a bakin ƙofa, kowa na'ura, na'ura. Mai gadi ma ya ce mini Allah ya tsare mu da sharrin na'ura, Munawwar bhai. Abu mafi girma da na taɓa yi a masana'antar nan, an ba wa akwatin roba.

Ban ci abincin rana ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na ce wa Rukhsana zan kai babur gyara. Ban kai ba.

Na sami Ustad a ƙofar gidansa kan gadon igiya, da tsohon keken hannu, yana gyaran jakunkunan 'yan makaranta. Ya rame. Bargon yana nan a ledarsa a kan taga. Ya ce, "A'a, Munna!" Ya ƙwala wa matarsa kira, "Bashiran, ga Munna, ɗora shayi."

Ban zauna ba. Na faɗa masa a tsaye, tiryan-tiryan, yadda zai gane. Na ce zaɓi uku ne, ni na ɗauki wanda na san zai kayar da shi. Na ce adadin dozin ni na ɓoye. Na ce ranar da ya zo ofis ƙarya na yi masa, manhajar tana yarda, jan abu ɗaya ne. Na ce ba Miyan ba ne, ba ɗansa ba ne, ba na'ura ba ce. Ni ne. Na jira ya tashi, ko ya zage ni, ko ya jefe ni da almakashi. Na shirya amsa tun a hanya.

Ya cije zare da haƙori, abin da yake hana mutane. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Kai Munna, kada ka ɗora wa kanka abin da ya fi ƙarfinka. Na san ranka ya ɓaci. Tun kana ƙarami haka kake, a fasa kofi a sito ka ce kai ne, don a kula ka."

Na ce wallahi ni ne.

Ya ce, "Abin da Turawa suka zauna suka ƙera, kai ne za ka juya shi? Kai an ce ka zuba ne, ka zuba. Zauna ka sha shayi."

Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Na ce ya zo gobe in nuna masa da idonsa. Ya yi murmushi, ya ce wa matarsa, "Kin gani? Yaron nan zuciyarsa ta uwarsa ce." Ita kuma ta fito da 'yar jakar sabuwar shinkafa, ta ce in kai wa Rukhsana.

Na ɗaura ta a bayan babur. Me zan yi, in zubar a titi? A hanya sai da na tsaya gefen magudanar ruwa, hayaƙin kona tattakar shinkafa ya shiga mini ido.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na riga kowa zuwa. Na jawo adadin dozin na ajiye a gefen kowane kashi, tun daga makon farko. Ba don kowa ba, allon ne bai cika ba, ni kuma ba na barin aiki rabi. Jere na ɗaya yana nan inda yake: ɗari huɗu, ɗari huɗu, ɗari biyar da ashirin, har makon da rabin mutanensa suke gona ya fi kowa. Kore ɗin Shabbir kuma ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Mutane sun taru a bakin zaure, ba wanda ya zauna a keke. Tsohon Miyan ya sauko, ya daɗe a tsaye, ya nemi a kawo masa kujera. Shehryar sahib ya shigo ofishina ya rufe ƙofa. Ya ce wa ya sa ni. Na ce ba wanda ya taɓa sa ni komai. Ya ce in mai da shi yadda yake kafin azahar, in kuma cire jeren nan, ko in bi Ustad.

Azahar ta wuce. La'asar ma. Ban taɓa ba.

Gobe ko ya kore ni ko ya bar ni, wannan nasa ne. Abu ɗaya na ce masa, zan kuma maimaita a gaban ubansa. A daina cewa na'ura. A ƙasan allon nan, inda duk mai shigowa zai gani, da manyan baƙaƙe, a rubuta wanda ya tsara shi, wanda ya zaɓi ginshiƙin, wanda ya fitar da Ustad Fazal Din daga masana'antar nan. A rubuta Munawwar Bhatti. Shi kaɗai, ba wanda ya taimake shi.